Abin da ya kamata ku sani kafin ku saya wa karen da ke jan igiya abin wuya

A Vom da Bukuru da unguwannin Jos, kiwon kare ba baƙon abu ba ne. Wani don gadin gida yake ajiye shi, wani don gona, wani don farauta, wani kuma sana'a ya mayar da shi, yana kiwon karnukan waje irin su Alsatian da Boerboel da Rottweiler yana sayar da 'ya'yansu. Amma duk ranar da aka ce a fita da kare daga gida, ko zuwa allura ko zuwa miƙe ƙafa, matsala ɗaya ce ke tasowa. Karen yana gaba yana ja, yana haki, harshe a waje, mai shi yana baya yana turjewa. Daga nan sai shawarwari su fara zuwa. Wannan ya ce a sa masa sarƙa, wancan ya ce a nemo mai ƙayoyi, wani ya ce akwai mai lantarki da ke ladabtar da kare nan take.

Gaskiyar da ya kamata a fara sani ita ce, babu abin wuyan da ke koya wa kare tafiya. Mutum ne ke koyarwa. Aikin abin da kuka ɗaura wa kare shi ne ya ba ku ikon riƙe shi ba tare da kun ji masa ciwo ba, har zuwa lokacin da horon zai zauna. Duk wanda ya riƙe wannan, zaɓi zai zo masa da sauƙi, kuma ba zai yi asarar kuɗinsa ba.

Me ya sa kare ke ja?

Ba raini ba ne, ba kuma neman mulkar mai shi yake yi ba. Dalilan a fili suke. Na farko, tafiyar kare ta fi ta mutum sauri. Abin da mu muke ɗauka tafiya ce ta hankali, a wurinsa jan ƙafa ne. Na biyu, kare da hanci yake sanin duniya. Kowane gindin bishiya da kowace kwana akwai labarin da yake son ya sansana, kuma yana ɗokin isa wurin. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, jan yana biya masa buƙata. Ya ja, kuka bi shi, ya isa inda yake so. A lissafinsa ja shi ne hanyar zuwa. Kowace fita da aka yi a haka darasi ne da kuka ba shi ba tare da kun sani ba.

Akwai dalili na huɗu da ya shafi yadda muke kiwo a nan. Karnuka da yawa suna wuni a keji ko a turke, sai dare a sake su cikin gida. Wasu ba sa ganin waje sai ranar zuwa wurin likita. Karen da ya yi makonni bai taka titi ba, ƙarfi ya taru masa a jiki, tsoro da ɗoki sun haɗu, dole ya ja ranar da ya fita. Idan haka ne halin karenku, maganin yana farawa daga yawan fita da motsa jiki, tun kafin a je kasuwa.

Wani abu kuma da masu kare kan lura da shi: idan aka ja kare baya, sai ya ƙara dannawa gaba. Saboda haka igiyar da take a miƙe tsaf kullum, ita kanta tana ƙara masa ja.

Wuyan kare ba icce ba ne

Mutane da yawa suna ganin kaurin wuyan kare su ɗauka ba abin da zai same shi. Amma a cikin wannan wuya akwai maƙogwaro da hanyar abinci, akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da masu dawo da shi, akwai ƙashin wuya da lakar da ke cikinsa. Duk nauyin karen da ke ja, a kan waɗannan yake sauka, kuma idan abin wuyan siriri ne, a ɗan ƙaramin wuri nauyin ke taruwa.

A shekarar 2006 likitocin dabbobi a Jami'ar Wisconsin da ke Amurka sun auna matsin da ke cikin idon karnuka a lokacin da ake jan su. Sun tarar da cewa matsin yana hawa sosai idan da abin wuya ake ja, amma bai hau haka ba idan da ɗamarar ƙirji ce. Shi ya sa ake shawartar masu karen da ke da ciwon ido su raba igiya da wuyansa. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila sun gwada nau'o'in abin wuya daban-daban a kan wuyan roba da aka sa wa ma'auni. Sakamakon ya nuna cewa idan ja ya yi ƙarfi, ko mai faɗi da laushi yana iya danna wuya har ya kai ga cutarwa.

Alamomin da za ku gani a gida ba su da wuyar ganewa: tari bayan an dawo daga fita, shaƙewar murya, kakarin amai, zubewar gashi a zagayen wuya, ko rauni a ƙarƙashin abin wuyan. Da damina irin wannan rauni ba ya jira, ƙuda na sauka a kai, kafin a ankara ya yi tsutsa.

Abin wuya na yau da kullum

Wannan shi ne mai faɗi, na fata ko na nailan, mai maɓalli irin na bel da zoben da ake maƙala igiya. Kowane kare ya kamata ya samu irinsa, domin a jikinsa ake rataya ɗan ƙarfe mai lambar wayar mai kare, kuma shi ke nuna wa jama'a cewa wannan kare yana da mai shi. Ga karen da ya riga ya iya tafiya, ya wadatar. Amma ga mai ja, bai hana komai ba, shaƙewa kawai yake ƙara masa.

Wajen ɗaura shi, ku tabbata yatsu biyu suna shiga tsakaninsa da wuya ba tare da tilas ba, kuma ba ya zarewa ta kai idan karen ya ja da baya. Gwargwadon girman kare, gwargwadon faɗin da ya dace. Idan kwikwiyo ne, a duba kowane mako, domin yana girma abin wuyan ba ya girma. Likitocin dabbobi sun sha ganin karnukan da igiya ko waya ta nutse musu cikin nama saboda an ɗaura tun suna ƙanana aka manta.

Mai tsukewa da iyaka

Turawa na kiransa matingel. Madauki biyu gare shi, babba a wuya, ƙarami kuma shi ake maƙala wa igiya. Idan kare ya ja, sai ya ɗan tsuke, amma yana da iyakar da ba ya wucewa. An yi shi ne domin karnuka masu siririn kai, waɗanda kansu bai fi wuyansu kauri ba, irin dogayen karnukan Azawak na Buzaye a Nijar da Mali, da yawancin karnukan farautarmu na gida. Irin waɗannan da sun tsorata sai su ja da baya su zare abin wuya su gudu. Idan wannan ce matsalarku, matingel ya dace. A daidaita shi yadda ko ya tsuke iyakar tsukewa ba zai shaƙe ba. Sai dai a sani, hana kufcewa ne aikinsa, ba hana ja ba. Kuma ba a barin sa a wuyan karen da ke keji ko yake shi kaɗai, domin madaukin na iya maƙalewa a ƙarfe.

Sarƙar zarge da mai ƙayoyi

Sarƙar zarge ita ce wadda ake zura ta cikin zobenta, da an ja ta shaƙe, kuma ba ta da iyaka. Ita ce aka fi gani a hannun masu manyan karnuka, domin tana da araha, ba ta tsinkewa, kuma mutane na ganin ta dace da karen gadi. 'Yar'uwarta ita ce igiyar da ake yi wa zarge a gida, ko wayar lantarki, ko igiyar shanya. Waɗannan sun ma fi sarƙar muni saboda sirantarsu, suna yanka fata.

Ga karen da ke ja, zarge ya fi kowane zaɓi haɗari, domin muddin yana ja, a shaƙe yake. Kuma abin da ake gani shi ne yawancinsu ba sa dainawa, suna sabawa ne da tafiya cikin shaƙa. Mai ƙayoyi kuwa sarƙa ce da aka yi wa haƙoran ƙarfe masu kallon ciki, suna tsunkular wuya idan igiya ta miƙe. Sau da yawa kare kan rage ja a ranar farko, shi ya sa masu sayarwa ke yabon ta. Amma zafi ne ya tsayar da shi, ba fahimta ba. Da an cire ta sai ya koma halinsa, wani kuma fatarsa ta saba, sai an ƙara ƙarfin fizga.

Akwai illar da ta fi raunin fata. Kare yana haɗa zafin da ya ji da abin da yake kallo a daidai lokacin. Ya hango yaro ya nufe shi da murna, ƙaya ta soke shi. Ya hango wani kare, ta sake sukarsa. Bayan 'yan makonni ya koyi cewa ganin yaro ko kare yana zuwa da ciwo, sai ya fara gurnani da kai cafka tun daga nesa. A unguwar da yara ke wasa a ƙofar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar Jamus ta haramta amfani da mai ƙayoyi wajen horar da karnuka tun farkon shekarar 2022.

Mai lantarki

Wannan yana da ɗan akwati mai batir da ƙarafa biyu da ke taɓa fatar wuya, mai kare yana riƙe da rimot yana sakin lantarki. Yanzu ana iya yin odarsa ta intanet, kuma tallarsa na da daɗin ji. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010, haka kuma haramun ne a wasu ƙasashen Turai, ciki har da Jamus da Austriya.

Masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun gwada shi a kan karnuka 63 da aka raba gida uku, suka wallafa sakamakon a 2020. Karnukan da aka horar ta hanyar ba su lada sun fi saurin amsa kira fiye da waɗanda aka sa wa lantarki, duk da cewa ƙwararru ne suka riƙe rimot ɗin. Idan a hannun ƙwararre bai fi lada ba, to a hannun wanda ya saya jiya, wanda zai danna a lokacin da ransa ya ɓaci, ba abin da zai haifar sai kare mai firgici. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsayarta cewa a horar da karnuka ta hanyar lada, a bar kayan da ke aiki da zafi ko tsoro.

Ɗamarar ƙirji

Ita ce madaurin da ke zagaye ƙirji da kafaɗu, ta bar wuya ya huta. Iri biyu ce, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Akwai mai zobe a gadon baya. Wannan tana kare wuya, ta dace da ƙananan karnuka da masu gajeren hanci da masu yawan tari, amma tana ba babban kare damar ja da dukan ƙarfinsa. Irin wannan ɗauri ne ake yi wa karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara a Alaska. Wanda ya sa wa Boerboel mai ja irinta, ya ƙara wa kansa aiki.

Wadda ake nema ita ce mai zobe a gaba, a tsakiyar ƙirji. Idan kare ya danna gaba, igiyar sai ta juyo da shi gefe, ya fuskanci mai riƙe da shi. Ƙarfin jan ya karye ba tare da an taɓa maƙogwaro ba. Ga yawancin karnukan da ke ja, wannan ce zaɓin farko. Mafi kyau ita ce mai zobe biyu, gaba da baya, wadda madaurinta ke saukowa ta gefen wuya biyu su haɗu a ƙashin ƙirji su wuce ta tsakanin ƙafafun gaba. Wadda madaurinta ya gitta kafaɗu a kwance takan takura tafiya idan an daɗe ana amfani da ita.

Kafin ku saya, ku auna karenku da tef ɗin tela: zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba, da zagayen gindin wuya. Kada ku dogara da cewa an rubuta babba ko matsakaici, domin kowane kamfani da nasa awon. Bayan an ɗaura, yatsu biyu su shiga ƙarƙashin kowane madauri. Bayan fitar farko a duba hammata, nan ne take fara goge fata. Kuma a cire ta idan an dawo gida.

Ragamar kai

Duk wanda ya taɓa jan doki ko jaki ya san aikin ragama: inda kai ya juya, nan jiki ke bi. Da wannan hikima aka yi wa kare tasa. Madauri ɗaya yana zagaye hanci, ɗaya yana bayan kunnuwa, igiya kuma a ƙarƙashin haɓa. Sanannu biyu su ne Halti, wadda masanin halayyar dabbobi Roger Mugford ya ƙirƙiro a Ingila, da Gentle Leader, wadda likitan dabbobi R. K. Anderson na Jami'ar Minnesota da mai horar da karnuka Ruth Foster suka ƙirƙiro a Amurka.

Ragama ta fi kowane abu ba da iko a kan babban kare, musamman idan mai riƙewa ba shi da ƙarfi ko shekaru sun ja. Amma tana da sharuɗɗa. Ba a fizgar ta, domin fizga na murɗe wuya. Ba a haɗa ta da doguwar igiyar da kare zai ruga da gudu ya kai ƙarshenta. Ba ta zama daidai a fuskar kare mai gajeren hanci. Kuma yawancin karnuka ba sa son ta da farko, sai su yi ta goga fuska a ƙasa. Ana sabar da kare ne a cikin gida na wasu kwanaki: a nuna masa, ya zura hanci da kansa ya karɓi ɗan nama, a cire, a maimaita, har ya zama da ya gan ta sai murna. Yana da kyau a haɗa ta da abin wuya ta wani ɗan madauri, ko da za ta zare.

A kula, ragama ba takunkumi ba ce. Karen da ke sanye da ita yana iya buɗe baki, ya sha ruwa, ya kuma yi cizo. Karen da ya taɓa cizon mutum takunkumi yake buƙata idan za a fita, irin mai kamar kwando wanda ke barin sa ya yi haki, domin da haki kare ke fitar da zafin jikinsa.

Igiya da ingancin kaya

Igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa. A guji mai naɗe kanta a cikin akwatin roba, domin kullum a miƙe take, tana koya wa kare cewa ja ne ke ƙara masa tsawo. Kada a naɗe igiya a yatsu ko a wuyan hannu, babban kare na iya karya yatsa da fizga ɗaya. Kada kuma a ba yaro ƙarami igiyar karen da ya fi shi ƙarfi.

Wajen saye, a duba wurare uku: ɗinki, zobe da maƙalli. Zoben ya zama an yi masa walda, ba lanƙwasa shi kawai aka yi ba. Maɓallin roba mai araha yakan fashe a jikin babban kare. Idan babu irin wadda kuke so a shagunan kayan dabbobi na Jos da Bukuru, ko tsadarta ta yi yawa, baduku ko mai ɗinkin jaka zai iya ɗinka ɗamara da madaurin nailan mai ƙarfi, irin na bel ɗin kujerar mota, idan kun kai masa awo da hoto. Ku ce ya ninka ɗinki a inda zobe yake, ya sa laushi a inda ke taɓa hammata. A Filato ruwan sama na ɗaukar watanni, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma abin wuyan fata da ke jiƙewa yana bushewa yakan tsage ya yi wari. Nailan ya fi jure damina, ana wanke shi da sabulu a shanya. Duk lokacin da aka cire, a laluba wuyan da bayan kunnuwa, nan kaska ke ɓuya.

Yadda ake koyarwa

Ƙa'idar ɗaya ce: igiya a sake, a tafi, igiya a miƙe, a tsaya. Ku fara a tsakar gida inda babu abin da zai ɗauke masa hankali. Ku tanadi abin da yake so, yankakke ƙanana, kamar dafaffiyar hanta ko busasshen kifin da aka cire wa ƙaya, kuma a yi horon kafin ya ci abinci. Ku yi taku biyu ko uku. Idan yana gefenku igiya a sake, ku yabe shi ku ba shi ɗaya, daidai gefen ƙafarku, inda kuke so ya riƙa zama. Da ya ja, ku tsaya cak. Ba tsawa, ba fizga. Ku jira har ya waiwayo ko ya dawo igiyar ta saki, sannan ku ci gaba. Idan ya nace, ku kira sunansa ku juya ku nufi wata hanya.

Minti biyar zuwa goma sau biyu a rana ya fi awa guda sau ɗaya a mako. Idan ya iya a gida, a fita ƙofar gida da sassafe lokacin da babu jama'a, daga nan a ƙara nisa a hankali. Sansana ma lada ce: idan ya yi tafiya mai kyau, ku kai shi gindin bishiyar da yake so, ku bar shi ya sansana. Kafin fita a bar shi ya yi guje-guje a gida ya rage ƙarfi. Abu mafi muhimmanci, duk wanda ke fita da karen, maigida ne ko uwargida ko yaron gida ko maigadi, ya bi ƙa'ida ɗaya. Idan ɗaya na tsayawa ɗaya na bi, karen zai ci gaba da gwada sa'arsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka kwikwiyo ya fi saurin ɗauka. Amma babban kare ma yana koyo, lokaci kawai yake ci, sau da yawa makonni. Masu karen gadi kan ji tsoron cewa lallashi zai kashe masa zuciya. Ba haka ba ne. Karen da ya amince da mai shi, yake sauraron umarninsa, ya fi amfani a gadi fiye da wanda ke kai cafka ga kowa saboda tsoro. Idan za ku ɗauki mai horarwa, ku tambaye shi da me yake aiki, ku kuma tsaya ku ga yadda yake yi. Wanda ya ce sai an daki kare ko an shaƙe shi kafin ya ji magana, ku nemi wani.

Igiya da lafiyar jama'a

A Vom maganar riƙe kare ta wuce ta jin daɗin tafiya. A nan ne Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1924 domin yaƙi da cutar bushiya da ke ƙarar da shanu a wancan lokaci. Daga cikin ayyukanta har da yin allurar rigakafin haukan kare, kuma can ake kai kan karen da ake zargi domin a gwada ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Ga inda maganar ta haɗu da abin wuya. Akwai karnukan da ba a taɓa yi wa allura ba don kawai mai su ba ya iya kai su, karen bai san igiya ba, ba ya riƙuwa. Karen da ya iya tafiya a igiya, kai shi allura ba wahala. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana da wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara ko yadda likita ya tsara, a kuma adana katin. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma a irin wannan lokaci hukumomi da ƙungiyoyin likitocin dabbobi kan shirya gangamin allura. Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma tsare karen likita ya sa masa ido na kwana goma.

Yaushe za a ga likita?

Idan karenku na tari ko numfashinsa na ƙara bayan fita, idan yana kuka da an taɓa wuyansa, idan akwai rauni ko kumburi, ko kuma karen da a da yake tafiya lafiya ya canza hali farat ɗaya, kada ku sayi komai tukuna, ku kai shi a duba shi. Wani lokaci ciwo ne ke sa kare faɗa ko turjiya. Mutanen wannan yanki sun yi sa'a a nan, domin ban da cibiyar binciken akwai Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da Kiwo a Vom, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos, ga asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu. Ku tafi da abin da kuka saya, ku roƙi likita ko ma'aikacinsa ya duba yadda ya zauna a jikin karen.

A taƙaice, ga tsarin da zai fishe ku: abin wuya mai faɗi domin shaidar mai shi, ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba domin fita, ragama idan karen ya fi ƙarfinku, matingel idan mai kufcewa ne, takunkumi idan mai cizo ne. Zarge da ƙayoyi da lantarki a bar su a shago. Musulmi da Kirista duk an hore mu da tausayin dabbar da ke hannunmu, kuma wanda ya ajiye kare yana kwana a waje domin gidansa ya yi barci, ya ɗauki amanarsa. Daga cikin wannan amana akwai minti goma na horo kowace rana, da allura sau ɗaya a shekara, da abin ɗauri wanda ba ya cutar da shi.